Kwamfutar Da Maigida Ya Ceto

Ruwa ya kai idon sawu lokacin da Maigida ya banke ƙofar ɗakin kwamfuta. Bututun bene ne ya fashe, yana zuba kamar da bakin ƙwarya.

"Ku ba ni hanya! Kun tsaya kuna kallona kamar gumaka!" ya daka wa ma'aikatansa tsawa.

Ya fizge wayoyi, ya rungumi babbar kwamfutar kamfanin. Komai a cikinta yake: kayan da ke sito, odar 'yan kasuwa, da inda kowace mota za ta sauke. Ga motoci tara suna jiran lodi. In ta jiƙe, ba wadda za ta motsa yau.

Shekara guda 'yarsa, mai kula da manhajar kamfanin, tana roƙonsa a mayar da komai ma'ajiyar intanet. Ya ce abin da ba zai iya sa wa kwaɗo ba, ba nasa ba ne.

Ya sauko da ita matakala ashirin, ƙugunsa na ƙara, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Ya dire ta a harabar kamfanin yana haki. Ya ɗago kai, babu mota ko ɗaya.

"Ina motocin?"

"Sun tafi tun ɗazu, Baba," in ji 'yar, tana nuna masa waya. "Kowane direba ya ga odarsa a nan."

"A nan? To wannan da ta kusa karya ni fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wata huɗu ke nan ba komai a cikinta. Fitilarta kawai muke bar maka a kunne."