Fitilu Biyu da Bango Mai Tumbi

Tunda ka ce gyaran gida ka sa a gaba, aljihu kuma ya fara tari, zauna in ba ka misali da wani mai gyaran keke da ake kira Malam Nomau. Ɗansa ne zai yi aure, shi kuwa ya ɗauki nauyin gyara ɗakin da amarya za ta tare. Aka yi daɓe, aka yi filasta, aka kafa silin, kafin a zo kan fenti kuɗi sun yi sallama. Ɗan fentin da aka samu sai da aka tsinka shi da ruwa har ya koma kamar kunun marar lafiya. Bangon gabas da na kudu dai sun fito da mutuncinsu, na arewa ƙofa da 'yar taga sun cinye shi. Na yamma kuwa, da alama magini ya yi shi ne ranar da ya yi faɗa da matarsa, don ya fito da tumbi kamar ɗan kasuwar da riba ta karɓa, ga wata tsaga tun daga sama har ƙasa da aka lallaɓa aka toshe.

Abin da ya hana Malam Nomau sukuni shi ne masu jere. A dangin amarya akwai Gwaggo Kande, wadda ta taɓa leƙa ɗakin wani ango ta ce a mayar da kaya mota, sai da dattawan unguwa suka yi ta ban baki. An ce idan ta kalli bango sau biyu, fenti da kansa yake ɓarewa don kunya. In ta kushe ɗakin nan, kafin magariba duk gari ya ji gidan Nomau sun kai 'yar mutane kango.

Da ɗan abin da ya rage ya ja amininsa Ilu suka nufi kasuwa sayen fitila. Mai shago ya nuna musu wata mai rassa, gilasai na reto a jikinta kamar 'yan kunnen amarya.

"Baba, wannan manya ke sawa. In ka kunna ta, ko allura ce ta faɗi a ɗakin maƙwabcinka sai ka gan ta."

"Ai ita ce ba na so, ɗana. Ni ban yar da allura ba."

Malam Nomau ya tsuguna ya tono wasu ƙananan fitilun bango guda biyu masu 'yar hula, da ƙwai mai haske ja-ja kamar soyayyen man shanu. Ilu ya riƙe baki.

"Haba Nomau, auren fari ne fa! Fitilar mai shayi za ka sa wa 'yar mutane? Wallahi Kande a ƙusar fitilar za ta rataye ka."

Malam Nomau ya biya kuɗi ya ɗauki fitilunsa. Da mai haɗa wuta ya zo ya kafa tsani a tsakiyar ɗaki, sai Malam Nomau ya ce masa ya sauko. Duk biyun a bangon gabas yake so, a bar tazara tsakaninsu daidai faɗin gado.

Ranar jere, kafin motar kaya ta tsaya ya riga ya kunna su, ya koma zaure yana liƙin tayar wani keke, kunnensa na cikin gida. Gwaggo Kande ta shiga ta gyara ɗaurin zani. Idonta bai sauka ko'ina ba sai kan fitilun nan, sun zuba wa bangon gabas wani lallausan haske, har tsinkakken fentin ya yi kamar an shigo da shi daga ƙasar waje. Ta ce ai makaho ma ya san nan gado zai zauna. Gado ya shige tsakaninsu cif. Madubi ya kama kudu. Saura ƙatuwar sif ta zuba tufafi, ba ta da masauki sai yamma, inda haske bai kai ba. Gwaggo da bakinta ta riƙa cewa a tura, a manna ta da bango. Da sif ta ƙi mannuwa saboda tumbin nan, sai ta juya kan kafintan da su dangin amarya suka ba aiki, ta wanke shi tas, wai ya yi musu bayan sif a karkace.

Da za su tafi ta tsaya a zaure.

"Malam, ɗaki ya yi. Wa ya zaɓa muku fitilun nan?"

"Aljihu ne, Gwaggo."

"To, ka gaishe shi. Ya iya zaɓe."

Har yau amarya na cikin ɗakinta lafiya lau, ba wanda ya san tumbin nan sai Malam Nomau da sif. Kai ma kafin mai shago ya ruɗe ka da gilasai masu reto, koma ka zaga ɗakinka tukuna. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.