Injin Da Ke Tari

Inji na huɗu ke nan da aka kunna wa Mai Zarto tun safe, shi ma bai yi masa ba. Ya kasa kunne, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ya girgiza kai. Bel ɗin wannan ya saki, in ji shi, gungume biyu zai yanka ya fara karkata katako. Mai shagon ya ja tsaki, wai yau makaho ne zai koya masa sana'a.

To ai ba da makanta aka haife shi ba. Shekara ashirin ya yi yana jan injin yanka katako na tafi-da-gidanka, duk inda aka sare itace can yake kafa shi. Bara, da rana tsaka, yana sunkuye yana wasa haƙoran zarto, wasu suka zo ta baya suka maka masa falanki a ƙeya. Ya juyo ya cafke ƙafar ɗayansu, su kuwa suka rufe shi da duka har suka ji ya saki. Ya farka a asibiti babu inji, babu ido.

Matarsa ce ta yi jinyarsa, kuma wallahi ta yi ƙoƙari. Dama ita ba ta taɓa ƙaunar injin nan ba, tun ranar da ya cinye masa yatsu biyu. Kullum maganarta ɗaya, ko ya rabu da shi ko ya mayar mata da yara marayu. Da 'yan sanda suka nemi rasit mai lambar injin, ta zazzage akwati kaf, ta ce gara ta cinye shi. A nan magana ta mutu.

Yanzu ya sayar da filinsa zai sayi wani. Ƙaninsa zai riƙa yanka, shi kuma ya zama kunne. Ta yi kuka, ta yi roƙo, da ta ga ba ya jin kira ta ɗauki mayafi ta riƙe masa hannu. Mace ce mai baki, kowane shago sai ta tsoma shi: wannan fenti ne kawai, wancan tayoyinsa sun mutu, wancan kuwa ko kyauta ba ta so.

Suna kan hanyar komawa ya ja ya tsaya. Daga wani lungu ƙarar inji ke fitowa, bugu uku sai tari, bugu uku sai tari. Ta ce rana ta yi zafi, lungun nan duk kwata ne, su tafi gida. Ya fizge hannunsa ya nufi ƙarar yana dogara sanda, dole ta biyo shi.

Fili ne cike da gumagumai da dusar katako. Dillalin wurin, wani mai ƙatuwar murya, ya tare su da fara'a. Na hannu ne, in ji shi, amma ya fi sabo, shi da kansa yake yanka da shi kafin mai rabo ya zo. Matar ba ta ce uffan ba. Ya ji numfashinta yana fita ta cikin mayafi, ya ɗauka ƙurar wurin take karewa.

Mai Zarto ya shafa salansar da ke fitar da hayaƙin injin, ya ji ƙullin waldar da ya yi da hannunsa, wadda ta jawo tarin. Ya zura sauran yatsunsa ƙarƙashin mariƙi. Zane uku, nasa, da ya sassaƙa da kurfi ranar da ya saye shi. Injinsa ne da aka sace.

Ya miƙa hannu kamar za a yi ciniki. Dillali na kamawa, ya fizgo shi ya kai masa karo a hanci. Ya shaƙo wuyansa, ya buga kan mutumin da gungumen da ke kan injin, ya sake bugawa. Hannun da ya shekara ashirin yana juya itace ba abin wasa ba ne. Dillali na shure-shure, jini na zuba a kan dusa, shi kuwa yana tura shi gaba, wajen da yake jin iskar zarto tana kaɗawa.

"Su wa ka aika? Faɗa mini, ko in tsaga ka biyu!"

"Saya na yi! Na rantse saya na yi, har da rasit!"

"Ƙarya kake, ɗan iska, rasit gara ta cinye shi!"

Ya ƙara turawa. Haƙoran zarto suka kama hular mutumin suka yi filla-filla da ita. Saura ɗan yatsa tsakanin goshi da ƙarfe, sai matar ta kurma ihu, karo na farko da ta buɗe baki a filin nan.

"Baban yara, sake shi! Don Allah kar ka yi kisa, ba ruwansa!"

Dillali ya daina shure-shure. Ya karkato kai da ƙyar wajen mai mayafin, yana tofar da jini.

"Wannan muryar! Ai ita ce ta kawo mini shi, ta ce mijinta ya rasu."

Hannun Mai Zarto ya saki. Injin na ta bugu uku yana tari, amma duk da ƙararsa kunnen nan da ba ya kuskure ya ji abin da ta faɗa cikin mayafi, a hankali: "Ni fa inji kawai na ce su ɗauke."