Kananzir a ɗakin Inna

Ina 'yar shekara bakwai, a ƙauyenmu kusa da Illela, na yi tuntuɓe da kwalbar kananzir. Ya malale a daɓen ɗakin Inna, dab da buhun geron da ya rage mana. Na tsaya ina kuka, ina jiran duka.

Inna ta janye buhun, ta barbaɗa toka a wurin. Ta ce, "Bar kuka, ɗiyata, ɗebo mini rairayi." Muka yi ta murzawa har la'asar, warin ya lafa. Sannan ta yanka lemun tsami, ta goge mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana sunsunawa tana dariya.

Tun da ta rasu, ba wanda ya ƙara riƙe hannuna ya daɗe haka.