Telan da Kekensa Ke Ba da Amsa

Tun da ka ce kai ma kana zama kusa da ɗanka in yana aikin lesin, gyara zama in ba ka misalin wani tela.

An yi wani tela a bakin kasuwa, mutum mai tsabtar aiki, wanda in ɗinki ya karkace ko da faɗin zare ne sai ya farke shi ya sake. Yana da 'ya mai suna Barira a aji shida, kuma ba abin da ya sa a gaba irin ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan gari, wadda yara dubbai ke zana jarrabawarta a ɗauki ɗari biyu. Shi a aji uku na sakandare karatunsa ya tsaya, abin kuwa bai taɓa daina yi masa ciwo ba. Sai ya samo malamar lesin tana zuwa Asabar da Lahadi. Ta ba yarinyar littafin tambayoyin shekarun baya, irin waɗanda ake jera amsa huɗu a zaɓi ɗaya, ta cire shafukan amsa na ƙarshen littafin ta ba uban, ta ce in Barira ta gama ya duba mata.

Kullum bayan la'asar Barira kan shimfiɗa tabarma a gindin keken ɗinki, ta karanta tambaya da ƙarfi, ta bi amsoshin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Tela na taka feda, takardar amsa na danne ƙarƙashin almakashi, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kan takarda. Ranar farko ba da niyya ya yi ba. Da bakinta ya zo kan amsar daidai sai ƙafarsa ta tsaya, don ya ji ko za ta ɗauka. Ta kuwa ɗauka. Yaro kuma ba sai an nuna masa hanyar sauƙi sau biyu ba. Kafin mako ya zagayo Barira ta gane cewa inda keke ya yi shiru, nan amsa take. Uban ma ya gane ta gane, amma mutumin da ba ya iya kallon karkataccen ɗinki, ina zai iya kallon jan biro a littafin 'yarsa? Ya ce wa ransa ɗan tallafi ne kafin ta yi ƙwari. Maki ya yi ta hawa har arba'in da takwas cikin hamsin, ya zamana masu zuwa awo ma sai sun ga littafin kafin a ɗauko tef.

Malamar dai ba yau ta fara ba. Ta lura lissafin da Barira ta cinye jiya a shago, yau a gabanta in-ina take yi a kansa. Ta ce, "Baban Barira, don Allah a riƙa barinta ta faɗi a gida. Wanda ta faɗi a nan shi za ta riƙe." Ya ce, "Haba Malama, kunyarki kawai take ji." Ya faɗa yana gyara zare, don ya san ba haka ba ne.

Ranar jarrabawa mai gadi ya ja ƙofa ya rufe, iyaye suka baje a inuwar darbejiya. Wasu na jan carbi, wata ta rungume kular abinci ta ƙi ajiyewa, wani duk minti biyar sai ya tambayi lokaci alhali da agogo a hannunsa. Tela ya samu kututture ya zauna. Can sai wani dattijo da ke gefensa ya ce, "Malam, kai tela ne ko?" Tela ya dubi ƙasa, ya ga ƙafarsa ta dama na ta sama da ƙasa, har ta yi ɗan rami a wurin. Sai a lokacin ya dubi tsawon katangar da ke tsakaninsa da 'yarsa.

Bayan awa uku Barira ta fito, ba kuka ba dariya, ta miƙa masa fensirinta. Sun yi nisa a hanya kafin ta ce, "Baba, ɗakin shiru ne tun daga farko har ƙarshe. Duk amsar da na karanta sai in ji kamar ita ce."

Mako shida aka yi ana jiran sunaye. Duk Litinin sai ya rufe shago ya je ya duba allon sanarwa, ko da yake zuciyarsa ta riga ta gaya masa. Ranar da aka liƙa, ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa sau uku, babu Barira. Bai yi mata faɗa ba, don ya san wanda ya faɗi jarrabawar nan. Shekarunta sun bar mata dama ɗaya tak, ta baɗi. Ya naɗe takardar amsa ya kai wa malama har gida, ya ce ta riƙe a wurinta. Da la'asar Barira ta shimfiɗa tabarma, ta karanta amsoshi huɗu, ta ɗago kai ta dube shi. Ko wacce ce daidai, shi ma bai sani ba, ƙafarsa ta ci gaba da taka feda. Ran Asabar malama ta duba, ta rubuta ashirin da uku cikin hamsin. Tela ya daɗe yana kallon jan biron, abin na cin ransa, amma bai farke komai ba, don wannan karon nata ne na kanta.

To ka ji. Shi da sana'arsa ke nan, amma sai da ya zauna a bayan katanga ya yarda da abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.