Kujerar da Ba ta Girgiza

Karo na uku ke nan wani dattijo yana amai a bokiti, a ɗakin koyon tuƙi na Madarumfa.

"Baba, saura gwaji ɗaya," in ji mai koyarwa. "In ka sake amai, ƙungiyar masu lambu za ta ba wani tuƙin motarta."

Shekara ashirin yana ɗauko albasa daga Safo da amalanken jaki, bai taɓa jin jiri ba. Yanzu an zaunar da shi gaban na'ura mai sitiyari da allon da ke nuna hanya. Ido na gudu, jiki na zaune, ciki ya rasa wanda zai gaskata.

"A wasu wurare kujerar kan girgiza, jiri ya ragu," in ji mai koyarwa. "Tamu ba ta yi."

Matarsa, da ta kawo masa fura, tana bakin ƙofa tana ji.

Ranar Alhamis, ranar gwajin ƙarshe, ya zauna a gajiye, bokiti kusa da ƙafarsa. Hanyar Safo ta fara gudu a allo. Sai kujera ta soma rawa, ta karkata a kwana, ta zabura a rami. Minti goma sha biyar cikinsa bai motsa ba.

"Ashe an gyara ta," ya ce.

Mai koyarwa ya nuna masa bayan kujerar da baki. Matarsa ce durƙushe, riƙe da kujerar tana girgiza ta, gumi na ɗiga.

"Shekara ashirin ina zaune a bayan amalankenka, Malam," ta ce. "Kai ka san hanya da ido. Ni ƙuguna ne ya haddace ta."