Zani Ɗaya, Shekara Huɗu

"Shekararsa sha shida, ranka ya daɗe!" Uwar ta miƙe a kotu, ta zauna, ta sake miƙewa. "Yaro ne, kar a haɗa shi da manya a gidan yari."

Mai gabatar da ƙara ya ɗaga katin zaɓen ɗanta. "Ashirin aka rubuta a nan, Mama. Wa ya kai shi rajista?"

Maganar ta maƙale mata. Bara, da soja za su sauka, 'yan siyasa suka raba atamfa a Unguwar Boro, kowane kati zani ɗaya. Ita ta ja hannunsa zuwa layi, ita ta ce ashirin.

Alƙali ya ce a tsare shi da manya.

Ɗan bai dubi fuskarta ba. Zanin da ta ɗauro yake kallo.