Numfashin Jatau

Tun da aka hana injina masu hayaƙi a tashar jiragen ruwa, mu leburori muke tura kaya a amalanke. Kowa an rataya masa 'yar fitila mai auna numfashi. Ni dai launinta ke burge ni. In ka cika haki sai ta yi jawur, a sallame ka.

Ran nan ta abokina dattijo Jatau ta soma rinewa.

"Baba, kana ɓata mana iska," in ji shugaban leburori.

"Yallaɓai, marayu nake ciyarwa. Zan rage."

Ya danne numfashi yana turi, har ya kife, bai ƙara motsi ba. Fitilarsa ta koma kore shar, kamar sabon ganyen shinkafa.

Shugaban ya duba ta, ya ce, "Ku yi koyi da Baba."